Yadda Makaɗan Meshuggah Na Ƙasar Suwidin Suka Fara

A cikin watan Fabrairu na shekarar 1989, waɗansu samari huɗu na wani gari da a ke kira Umea, can arewacin ƙasar Suwidin, suka fitar da faifan garmaho mai waƙa uku. Guda 1,000 kaɗai aka buga. Ba kuwa wani babban kamfani ne ya ɗauki nauyinsa ba, wani kantin sayar da faya-fayai ne na cikin garin, mai suna Garageland. Samarin nan sun raɗa wa ƙungiyarsu suna Meshuggah.

Yau sunan nan ya zaga duniya wajen masu sha'awar irin kiɗansu. Makaɗa da yawa a Turai da Amurka suna koyi da su, malaman jami'a masu nazarin kiɗa sun yi rubuce-rubuce a kan lissafin da ke cikin bugunsu, a 2018 kuma an sa sunansu cikin masu takarar lambar Grammy, wadda ita ce babbar lambar yabo ta makaɗa a Amurka. Amma wanda ya koma ya saurari wancan faifai na farko, abin da zai ji shi ne almajirai masu ƙwazo suna kwaikwayon malaminsu. To, ta yaya mai kwaikwayo ya zama wanda a ke kwaikwaya? Amsar tana cikin faya-fayan da suka yi daga 1989 zuwa 1995, su ne kuwa mu ke so mu bi tare da masu karatu ɗaya bayan ɗaya.

WANE IRIN KIƊA NE WANNAN?

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu bayyana irin kiɗan, domin ba kowa ya san shi ba. Turawa sun yi masa laƙabi da ƙarfe, sabo da nauyinsa da kaushinsa, mu ma sai mu kira shi kiɗan ƙarfe. Galibi a kan ce ya kafu ne a birnin Birmingham na Ingila, inda ƙungiyar Black Sabbath ta fitar da faifanta na farko a 1970. Makaɗan ba su cika wuce huɗu ko biyar ba. Akwai masu jita ta lantarki, wadda a ke haɗawa da na'urar ƙara sauti, a matsa mata har muryarta ta yi kaushi kamar rurin injin niƙa. Akwai mai babbar jita mai kaurin murya. Akwai mai ganguna, wanda ya ke zaune a tsakiyar kayansa, hannuwansa biyu suna riƙe da sanduna yana bugun ƙananan ganguna da farantan tagulla, ƙafafunsa biyu kuma suna taka waɗansu ƙarafa masu bugun manyan ganguna da ke kwance a ƙasa. Sa'an nan ga mawaƙi.

A farkon shekarun 1980 wani reshe ya tsiro a Amurka, wanda su ke kira tirash, watau fyaɗi, domin sauri da zafin bugunsa kamar na masu fyaɗin dawa a masussuka. Manyan wannan reshe su ne Metallica, wadda aka kafa a 1981, da Slayer, da Megadeth, da Anthrax. Daga bisani wani reshe ya sake fitowa wanda ya fi wannan duhu, aka kira shi kiɗan ƙarfe na mutuwa, inda mawaƙi ya ke gurnani daga can cikin maƙogwaro. Samarin Suwidin sun karɓi wannan da hannu biyu. A Stockholm, babban birnin ƙasar, ƙungiyar Entombed ta fitar da Left Hand Path a 1990, Dismember ta biyo baya a 1991, dukansu kuwa a ɗakin ɗaukar murya guda suka yi aikinsu, watau Sunlight, a hannun wani mai suna Tomas Skogsberg. Shi ya sa muryar jitar Stockholm ta zama iri ɗaya, da ji an san ta.

A cikin rassan nan biyu akwai waɗansu makaɗa da ba su tsaya ga sauri da ƙara kaɗai ba, sai suka mai da hankali ga ƙwarewar hannu da sarƙaƙiyar ƙidaya. Su ne a ke ce wa masu lissafi. A cikinsu Meshuggah ta fito. Ba mu ce mai karatu zai ji daɗin kiɗan nan da zarar ya ji shi ba. Kunnen da bai saba ba, hayaniya zai fara ji. Amma ƙarƙashin hayaniyar akwai tsari, tsarin ne kuwa abin dubawa.

GARIN UMEA

Umea tana bakin kogin Ume, kusa da inda ya faɗa teku, kimanin mil 400 arewa da Stockholm in an bi ta hanyar mota, watau tafiya ce wadda ta ɗara ta Kano zuwa Maiduguri kaɗan. A 1888 gobara ta cinye yawancin garin, da aka zo sake gina shi sai aka faɗaɗa tituna, aka dasa itatuwa jere a gefensu don su tare wuta in ta sake tashi. A 1965 aka buɗe jami'a, garin ya cika da matasa. A tsakiyar hunturu kuwa, cikin watan Disamba, hasken rana bai fi na sa'a huɗu da 'yan mintoci ba, sauran duk dare ne da ƙanƙara. Saurayin da ya ke da jita a irin wannan wuri yana da lokacin zama ya koya.

Ban da dogon dare, akwai wani abu da ƙasar ta tanada. Tun daga shekarun 1940 hukumomin garuruwan Suwidin suka soma buɗe makarantun koyon kiɗa, inda yaro ya kan je bayan an tashi daga makaranta, a koya masa a kan kuɗi kaɗan. Har wa yau suna da wata daɗaɗɗiyar al'ada ta da'irar karatu, wadda wani malami mai suna Oscar Olsson ya fara a 1902: mutane kaɗan su haɗu su riƙa koyon wani abu tare, ƙungiyoyin ilmin manya, irin su ABF da aka kafa a 1912, su taimaka musu da wuri da kayan aiki. Da zamani ya juya, sai aka yarda cewa samari huɗu masu koyon kiɗa tare su ma da'irar karatu ne. Ta haka ƙungiyoyin makaɗa masu yawa a ƙasar suka sami ɗakin gwaji. A cikin irin wannan ƙasa ne samarin da mu ke magana a kansu suka tashi.

Nisan garin ma ya yi musu rana. Da a Stockholm su ke, da wuya su tsira daga bin sahun Entombed. Da ya ke suna can nesa, sai suka yi ta aikinsu su kaɗai, ba mai ce musu ga yadda a ke yi.

ASALIN ƘUNGIYAR

A 1985 wani yaro ɗan shekara 15, Fredrik Thordendal, ya kafa wata ƙungiya a Umea mai suna Metallien. Sun ɗauki 'yan waƙoƙi a kaset, sa'an nan suka watse. A 1987 wani saurayi, Jens Kidman, wanda aka haifa a 1966, ya haɗa tasa ƙungiyar, ita ce ta fara amsa sunan Meshuggah. Kalmar daga harshen Yidish ta fito, watau harshen Yahudawan Turai, ma'anarta kuwa mahaukaci. Kidman ya tsince ta ne cikin wani ƙamus na kalmomin 'yan titi na Amurka.

Wannan ƙungiya ta farko ba ta daɗe ba. Kidman ya fita ya kafa wata mai suna Calipash, tare da Peter Nordin mai babbar jita, da Niclas Lundgren mai ganguna. Da mai jitarsu na farko ya tafi, sai Thordendal ya maye gurbinsa. Da Kidman ya ga tsohon sunan ba mai amfani da shi, sai ya ɗauko shi ya sa wa sabuwar ƙungiyar. Waɗannan huɗu, Kidman da Thordendal da Nordin da Lundgren, su ne suka yi faifan 1989. A lokacin Kidman yana waƙa yana kuma kaɗa jita.

FAIFAN 1989

Faifan babba ne, mai faɗin inci 12, sunan ƙungiyar kawai ya ke ɗauke da shi, amma an fi saninsa da Psykisk Testbild. A harshen Suwidin, kalma ta biyu ita ce sunan hoton nan da gidan talabijin ya kan sa a allo sa'ad da ba shiri, don masu gyara su daidaita akwatinsu. Sunan duka yana nufin hoton gwajin hankali. Waƙoƙin uku su ne Cadaverous Mastication, da Sovereigns Morbidity, da The Debt of Nature. Da Turanci su ke waƙa, kamar yawancin tsararsu, domin da shi ne kaɗai faifai zai iya ƙetare iyakar ƙasa mai mutane kimanin miliyan takwas da rabi a wancan zamani.

Duk wanda ya san Metallica, da jin faifan nan zai gane inda aka yi karatu. A 1988, watanni kaɗan kafin fitowarsa, Metallica ta fitar da ...And Justice for All, faifai mai dogayen waƙoƙi, mai busasshiyar murya, wanda ƙidayarsa ta ke sauyawa a kai a kai. Samarin Umea sun haddace wannan darasi sarai. Yadda a ke danne tsirkiyar jita da gefen tafin hannu don sautin ya fito guntu-guntu, da yadda waƙa ɗaya ta ke da sassa masu yawa, har da yadda Kidman ya ke fizgar kalmomi, duk sun yi kama da na James Hetfield da abokansa.

Duk da haka akwai alamu biyu da mai lura zai tsinta. Na ɗaya, sun fi malaman nasu son tsayawa cak a tsakiyar gudu, su yi shiru na ƙiftawar ido, su sake tashi a inda kunne bai zata ba. Na biyu, in Thordendal ya fita shi kaɗai da jitarsa, ba hanyar makaɗan ƙarfe ya ke bi ba. Ya fi karkata ga salon Allan Holdsworth, wani gwanin jita na Ingila mai kiɗan jaz, wanda sautinsa ya ke malala kamar na mai busa. Haɗa wannan laushi da wancan kaushi ba abu ne da aka saba ji ba.

Samarin kuma ba su ɗauki kansu da nauyi ba. A bayan kwalin faifan akwai hotonsu, sun yaɓa wa fuskokinsu wani abin taunawa na yara mai cuku. Wanda ya ke iya yi wa kansa dariya haka, ba ya tsoron a gyara masa.

A wancan zamani ba intanet. Ƙaramar ƙungiya ta kan ɗauki waƙoƙinta a kaset, ta aika ta gidan waya zuwa ga masu sha'awa a wata ƙasa, su kuma su kwafa su aika wa waɗansu, tare da wasiƙu da 'yan mujallun da samari su ke bugawa da kansu. Ta wannan hanya ce sunan ƙungiyoyin Suwidin ya riƙa isa Jamus da Ingila da Amurka tun ba su taka can ba.

SABON MAI GANGUNA DA FAIFAN 1991

A 1990 Lundgren ya bar ƙungiyar, aka sami wani saurayi ɗan shekara 19, Tomas Haake, daga garin Ornskoldsvik, kimanin mil 70 kudu da Umea. Zuwansa shi ne babban sauyi na farko, domin shi ne daga baya ya zama ginshiƙin lissafin kiɗansu, shi ne kuma ya ke rubuta yawancin kalmomin waƙoƙinsu. Suka ƙulla yarjejeniya da wani kamfani na Jamus, Nuclear Blast, wanda Markus Staiger ya kafa a 1987 a wani ƙaramin gari mai suna Donzdorf. Shi ma kamfanin a lokacin yaro ne kamarsu.

A 1991 suka fitar da cikakken faifansu na farko, Contradictions Collapse. A Umea suka ɗauke shi, a wani ɗakin ɗaukar murya mai suna Tonteknik. Da fari sun so su sa masa suna mai nufin cewa duk wannan sabo da haɗama ne, akwai kuwa waƙa a ciki mai suna Greed, watau haɗama. Wadda ta buɗe faifan ita ce Paralyzing Ignorance, watau jahilci mai shanye jiki. Daga sunayen nan mai karatu zai ga abin da ke damun su: zalunci, da ruɗin jama'a, da lalata ƙasa don neman dukiya. Sun kuma sake ɗaukar Cadaverous Mastication ta faifan 1989. Wannan ya ba mai nazari dama ya jera biyun ya kwatanta, kamar malamin da ya ajiye rubutun ɗalibi na farkon shekara da na ƙarshenta. A ta biyun hannu ya fi nauyi, ƙafar mai ganguna kuma ta fi bin jita sau da ƙafa.

Masu sharhi sun yaba, amma faifan bai yi kasuwa ba. In mun auna shi da adalci, aibinsa shi ne yawan ilmi. Waƙoƙin dogaye ne, da yawa sun kai minti shida ko bakwai, kowace an cusa mata sassa fiye da abin da za ta iya ɗauka. Ƙidaya tana sauyawa, sauri yana sauyawa, kafin kunne ya kama wani salo an riga an bar shi an shiga wani. Halin ɗalibi mai ƙwazo ke nan a ranar jarrabawa: duk abin da ya sani sai ya zuba a takarda, ko an tambaya ko ba a tambaya ba. Sun nuna suna iyawa. Abin da ya rage shi ne su san abin da za su zubar.

SHEKARAR 1994: GYARA DA HAƊARI

Bayan faifan 1991 Kidman ya ajiye jita, ya tsaya ga waƙa kaɗai. Aka kawo Marten Hagstrom, abokin Haake tun suna yara, wanda suka daɗe suna kiɗa tare a garinsu. Suka zama biyar. Da Kidman ya sami hannunsa, sai muryarsa ta rabu da ta Hetfield, ta koma tsawa guntu-guntu, kowace gaɓa tana faɗawa daidai kan bugu, har ta zama kamar wata ganga ce cikin gangunan. A cikin shekarun nan ne kuma suka rungumi jita mai tsirkiya bakwai maimakon shida, irin wadda kamfanin Ibanez ya fara sayarwa a 1990. Tsirkiya ta bakwai ta fi sauran kauri, sai ta ba su sauti mai zurfi wanda dā ba su da shi.

A 1994 suka koma Tonteknik suka ɗauki ƙaramin faifai mai waƙa biyar, mai suna None, watau babu. A nan ne aka fara jin Meshuggah da muryarta. A waƙoƙi irin su Humiliative da Sickening, gudu ya ragu, sassa sun ragu, an ɗauki guntun salo ɗaya ana ta juya shi. Maimakon su yi ta yawo bisa wuyan jita, sai suka tsaya ga sauti ɗaya ko biyu masu kauri, suka mai da dukan wahalar ga lokacin da a ke bugawa. Jita ta zama kayan bugu.

Suna cikin wannan sai tsautsayi ya faɗa musu. Kiɗa bai isa ya ciyar da su ba tukuna, kowa yana da sana'ar hannu. Thordendal kafinta ne, a wajen aiki ya datse kan yatsarsa ta tsakiya ta hannun hagu, hannun da ya ke danna tsirkiya da shi. Likitoci suka ɗinke masa, ya warke. Ba a jima ba Haake ma ya ji rauni a hannu a wata na'ura. Watanni suka wuce ƙungiyar ba ta iya kiɗa ba, wani ƙaramin faifai da suka riga suka ɗauka a 1994, Selfcaged, bai fito ba sai 1995. Abin mamaki, irin wannan ya taɓa samun Tony Iommi na Black Sabbath, wanda injin masana'anta ya datse masa kan yatsu biyu yana ɗan shekara 17, ya yi wa kansa hulunan yatsa na roba, ya ci gaba. Kiɗan nan tun asali na 'ya'yan masu aikin hannu ne. Mai haƙuri kuwa shi kan dafa dutse.

LISSAFIN DA KE CIKI

Yanzu bari mu bayyana abin da suka gano, domin shi ne zuciyar labarin. A faya-fayan 1989 da 1991, in za a sauya ƙidaya, dukan makaɗan ne su ke sauyawa tare: yanzu ana ƙirga bakwai, an jima biyar, an jima huɗu. Mai sauraro ba shi da wurin dafawa, sai ya yi ta tuntuɓe. Daga None zuwa gaba sai suka soma raba aikin gida biyu. Hannuwan Haake su riƙe ƙidayar huɗu-huɗu wadda kowa ya sani, ba ta motsi. Ƙafafunsa kuwa, tare da jitoci, su bi wata ƙidaya dabam wadda tsawonta bai yi daidai da huɗu ba.

A ɗauki misalin kasuwanni biyu. Ɗaya tana ci duk bayan kwana bakwai, ɗaya duk bayan kwana biyar. In yau sun ci tare, gobe kowace ta kama hanyarta, wani lokaci su yi kusa, wani lokaci su yi nisa, sai bayan kwana 35 za su sake haɗuwa rana ɗaya. Haka hannun Haake da ƙafarsa su ke yi. Ko kuwa a tuna da luguden mata a turmi guda, inda kowace taɓarya ta ke da lokacinta, amma kunne yana jin abu ɗaya.

Ga misali na ainihi daga wata waƙarsu ta 2002, Rational Gaze, wadda wani malamin kiɗa na Amurka, Jonathan Pieslak, ya warware lissafinta a wata mujallar masana a 2007. A raba lokaci zuwa ƙananan bugu. Hannu yana zagaye duk bayan bugu 16. Jita tana zagaye duk bayan bugu 25. Da za a bar su, sai bayan bugu 400 za su haɗu, wannan kuwa ya yi wa kunne nisa. Sai jita ta yi 25 sau huɗu, ya zama 100, a zagaye na biyar ta ƙara uku ta yi 28. Jimla 128 ke nan, wanda shi ne 16 sau takwas. Nan su haɗu, a sake tashi tare. Sabo da haka mai sauraro yana iya kaɗa kai da ƙidayar huɗu ko da bai san lissafi ba, alhali ƙasa tana zamewa ƙarƙashin ƙafarsa. Sarƙaƙiyar tana nan, har ta fi ta dā, amma yanzu an yi mata turke.

RUSHE, SHAFE, GYARA

Da hannuwa suka warke, a farkon 1995 suka tafi birnin Uppsala, suka shiga ɗakin Soundfront tare da wani matashin mai haɗa sauti, Daniel Bergstrand. Faifan da suka fito da shi a wannan shekara sunansa Destroy Erase Improve, watau rushe, shafe, gyara. Da wuya a sami sunan da ya fi wannan dacewa da tafiyar da suka yi, domin abin da almajiri ya ke yi wa allonsa ke nan: ya rubuta, ya wanke, ya sake rubutawa da hannun da ya fi na jiya. Waƙar da ta buɗe shi, Future Breed Machine, ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi sanin su da ita. A 2017 mujallar Rolling Stone ta Amurka ta sa faifan cikin 100 da ta ce sun fi kowanne a tarihin kiɗan ƙarfe.

A wannan shekara ta 1995 suka zaga Turai tare da ƙungiyar Machine Head ta Amurka. Ana cikin tafiya Nordin ya kamu da ciwon cikin kunne mai sa jiri, tilas ya koma gida, sauran huɗun suka ƙarasa ba shi. Daga baya ya bar ƙungiyar, Gustaf Hielm ya gaje shi. Nan zamanin farko ya ƙare. Abin da ya biyo baya sananne ne: Chaosphere a 1998, Nothing a 2002, komawa ga jita mai tsirkiya takwas, obZen a 2008, har zuwa Immutable a 2022. Ƙungiyoyi irin su Periphery ta Amurka da Tesseract ta Ingila suka gina nasu salon bisa wannan harsashi, har aka sami sabon reshe da a ke kira jent, sunan da aka ɗauko daga ƙarar tsirkiya mai kauri in an danne ta.

ABIN LURA

A 2001 Meshuggah ta fitar da wani faifai mai suna Rare Trax, inda ta tattara tsofaffin ayyukan da suka yi wuyar samu, ta sa waƙoƙin nan uku na 1989 a ciki. A lokacin sun riga sun yi suna, da sun so da sun bar su sun ɓace tare da faya-fayan nan 1,000. Ba su yi haka ba, mu kuwa muna ganin sun kyauta. Wanda ya ji gwani kaɗai bai ji farkonsa ba, ya kan ɗauka gwaninta daga sama ta ke faɗowa, sai ya karaya tun bai fara ba. Wanda ya jera faifan 1989, da na 1991, da na 1994, da na 1995, zai ga matakala ce, kowane mataki kuma ana iya nuna shi da yatsa: a nan suka kwaikwaya, a nan suka cika kaya, a nan suka rage, a nan suka tsaya da ƙafarsu.

Kwaikwayo ba abin kunya ba ne ga mai koyo, ƙofa ce. Abin kunya shi ne a tsufa a bakin ƙofar. Samarin Umea sun shiga ta ƙofar Metallica, suka yi shekara shida suna aiki da rana suna gwaji da dare, har suka fita ta wata ƙofar da ba wanda ya san da ita. Kada kuma a manta da waɗanda sunansu bai cika fitowa ba: ƙasar da ta ɗauki koyon kiɗa a bakin ilmi, da ɗakin ɗaukar murya na cikin gari, da mai kantin da ya yarda ya zuba kuɗinsa ya buga faifan yaran unguwa tun ba wanda ya san su. Da mai kantin nan ya ce sai sun ƙware tukuna, da watakila ba mu da labarin da za mu ba masu karatu yau. Da rarrafe yaro kan tashi.